Daminar Da Na Zama Idon Baba

Mahaifina ya yi shekara talatin da wani abu yana haska wa mutanen Jos fim, amma ni 'yarsa ban taɓa shiga gidan silima ba. Bai taɓa hana ni da baki ba. Kowa dai ya san 'yar mutunci ba ta zuwa can. Gwaggo, yayarsa da ta riƙe ni tun rasuwar mahaifiyata, ko ta ƙofar wurin ba ta yarda mu wuce in za mu kasuwar Terminus cefane. Sai ta zagaya da mu ta layin masu dankali da kabeji, ni ina waiwaye, ita tana jan gefen mayafina.

Kakana haƙar kuza ce ta kawo shi garin. Baba kuwa tun yana saurayi aka ɗauke shi aiki a kulob ɗin Turawan kuza, yana ɗaukar gwangwanayen fim daga mota zuwa ɗakin inji, har wani injiniya ya lura da natsuwar hannunsa ya koya masa injin. Kusan duk finafinan da ake kawo wa kulob ɗin na kamfani guda ne, wani ƙaton kamfani na ƙetaren teku. Baba ba ya kiran sunansa, Babban Gida kawai yake cewa, yadda ake faɗin gidan da aka yi wa mutum alheri. Ya ce suna da garinsu na kansu, da tituna da teloli da likita, suna yin ruwan sama ranar da suka ga dama, su ɗauke shi ranar da suka ga dama. Ya ce babu wanda ya san haske kamarsu. In suka haska fuskar mace, sai ka ji kamar ka yi mata sallama. Ina ƙarama na ɗauka gari ne irin namu, mai duwatsu da sanyi, sai dai ba a mutuwa a cikinsa.

Lokacin da nake ba da labari, ƙarshen shekarun saba'in, Turawan sun watse, kulob ɗin ya daina nuna fim, Baba ya daɗe da komawa wani gidan silima na cikin gari. Babban Gida ma an ce ya durƙushe. Baba ya ji a rediyo an sayar da filayensa, an yi gwanjon rigunan da 'yan wasansa suka sa. Ranar bai ci tuwon kirki ba. Amma finafinan ba su san gidansu ya faɗi ba. Suna nan suna yawo gari gari a bayan manyan motoci, cikin gwangwanaye masu lotsawa da tsatsa, kamar tsofaffin da babu mai riƙonsu. Litinin da Talata ake sa su, ranakun da ba a cika ba. Ƙarshen mako na Indiya ne da na 'yan Caina.

Mutanenmu ba su da haƙurin dogon Turanci. In 'yan wasa suka zauna suna magana, sai a fara fito, a bubbuga benci, ɓawon lemo ya fara tashi. Saboda haka duk mai haska fim yana da wani aiki da suke kira aski. Kafin a nuna tsohon fim sai a bi shi da almakashi, a cire wuraren zama da surutu, a bar faɗa da gudu da rawa, a liƙe. A ƙa'ida ya kamata a mayar da abin da aka cire kafin fim ɗin ya wuce gari na gaba, amma tsofaffin nan babu mai tambaya. Wasu zubarwa suke yi. Baba ya kasa. Sai ya naɗe guntayen ya kawo gida ya zuba a wata tsohuwar adaka ta mahaifiyata.

A cikin adakar nan na yi rabin ƙuruciyata. Zaren fim, haka muke ce masa ko da yake faɗinsa ya kai yatsu biyu, jerin ƙananan hotuna ne, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya, Baba yana ce musu tagogi. Sai in ɗaga shi saitin hasken ƙofa, in rufe ido ɗaya. Mace a bakin taga tana riƙe da labule. Tsoho da yarinya a teburin cin abinci, babu mai kallon wani. Mutum tsaye da hularsa a hannu. Ba motsi, ba murya. Abin da gari ya ƙi kallo shi na gada, kuma ban san akwai wani abu da ya fi shi ba. Nakan raɗa musu sunaye, in ƙaga abin da suke cewa, in rubuta a bayan littafin lissafina.

A shekarar na gama kwalejin horon malamai ta mata, na dawo gida ina jiran takardar da za ta faɗi inda za a tura ni koyarwa. Ƙawayena wasu sun yi aure, wasu sun wuce Zariya ƙarin karatu. Damina ta kama sosai. Gajimare yakan sauko ya zauna a kan duwatsun bayan unguwarmu ya wuni bai tashi ba, yayyafi ya yi ta zuba a kan kwano, itatuwan turare su yi ta ɗiga. Gwaggo tana ɗakinta da kaskon wuta da carbi. Nakan wuni ban yi magana da kowa ba sai gaisuwa.

Wata safiya ce na gane. Na ajiye wa Baba shayi, ya ɗauki gwangwanin madara ya tsiyaya a gefen kofin, a kan tabarma, yana ci gaba da ba ni labari. Sai na tuna ya kai wata biyu bai hau kekensa ba, turawa yake yi, wai gwiwa ke damunsa. Gwaggo ta girgiza mini kai daga bakin ƙofa, na sa tsumma na goge.

Yanar ido ce ta rufe masa idanu biyun. Ya riga ya je wurin likitan ido a ɓoye, an ce masa ba za a taɓa ba sai ta nuna, kamar ana maganar gwanda. Watakila bayan damina, watakila ta ɗan zarce. Abin da Baba yake so shi ne ya riƙe kujerarsa zuwa lokacin ba tare da manajan silimar, wanda yake kira Oga, ya sani ba. Injin da wuta yake aiki, wasu sanduna biyu ne ke ci a cikinsa su ba da hasken, kuma babu mai gidan da zai bar wanda ba ya gani kusa da su. Akwai kuma masu jiran wurin. Wanda ya tashi daga kujerar nan ba ya komawa. Ba abincinmu kaɗai ke ciki ba. Ban taɓa sanin Baba a matsayin wani abu ba sai mai haska fim, ina jin shi ma haka.

A ɗakin inji ya iya ɓoyewa. Hannunsa ya san kowane lungu. Ya karce wata alama da ƙusa a inda hoto yake fita tas, yana laluba ta da farce. Da yake fim gwangwani-gwangwani ne, in ɗaya ya kusa ƙarewa sai a tayar da inji na biyu, kuma akwai ɗigon da ke fitowa a kusurwar allo ya sanar da hakan. Baba ya daina ganin ɗigon, sai ya riƙa cusa tsohon anini cikin naɗin kusa da ƙarshe. In zare ya warware ya kai wurin, aninin ya faɗo ya yi ƙara, ya san lokaci ya yi. Abin da ya gagare shi shi ne gyara. Tsohon zare yana tsagewa, hujojin gefensa da haƙoran inji ke kamawa suna yagewa, sai an duba an yanke an liƙe daidai kan layi.

Wata Asabar ya turo keke da gwangwanaye biyu a baya, an rufe su da tamfol. Ya gaya wa Oga ɗakin gyaran silima yana yoyo, danshi yana hana gam kamawa, gara ya riƙa yi a gida. Ya kafa teburin naɗi a ɗakinsa, ya kira ni.

"Uwata, zo ki ara mini idonki."

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kirana da wani suna ba. Gwaggo ta leƙo ta ga abin da ake ciki.

"Mun kai ta boko ta zama malama, kai kuma ka mai da ta mai facin silima."

"Faci ma sana'a ce, Yaya. Ke da kike facin zanenki tun zamanin Turawa."

Ta yi tsaki ta koma, amma ita ta riƙa tsaron ƙofa in maƙwabta sun shigo.

Ya koya mini da hannu. Hannun dama yana juya mariƙi, yatsun hagu biyu suna riƙe da gefen zaren yana wucewa, in an zo kan tsaga za ka ji ta ciji fata. Sai a tsaya, a yanke, a kankare bakin da reza har ya yi fari, a shafa gam mai wari kamar maganin goge jan farce, a haɗa huji kan huji, a danne a ƙirga ashirin. Aikin gefe ne, ba a kallon hoto. Aski kuwa shi yake yi da ka, don ya haddace finafinan tun kulob. Sai ya ce in nemi inda mace ta zauna a kan gado da wasiƙa, in yanke daga nan har inda mota ta bayyana. In nema, in yanke. Yana zaune a kan buzu da bargo a kafaɗa yana ba ni labarin daren da aka fara nuna shi, da matar wani Bature da ta yi kuka har aka fitar da ita. Tun rasuwar mahaifiyata ba mu taɓa daɗewa a ɗaki ɗaya haka ba. Sati shida muka yi, babu wanda ya ji.

Cikin watan Agusta aka kawo wani mai gwangwani bakwai. Ruwa ya doki motar a hanya, takardun jikin gwangwanayen sun wanke, ba a iya karanta komai. Na ɗaga farkon zaren na gaya wa Baba tambarin Babban Gida ne. Na kwatanta masa fuskokin: mace mai siririn wuya, tsoho mai gemu, wani mutum dogo mai tabo a gira. Ya daɗe yana tunani, ya ce wannan bai zo kulob ba. Na ga abin ya yi masa daɗi, ya kuma tsorata shi. Oga yana so a nuna shi ranar Talata, kuma a rage kimanin gwangwani guda don a samu lokacin sa wani a bayansa.

Ranar Litinin aka aiko wani tsohon abokinsa na zamanin kuza ya rasu a Laranto. Maƙwabcinmu zai tafi, Baba ya ce zai bi shi. Yana sa takalmi ya bar mini saƙo: ruwa ya taɓa fim ɗin, in fara cire inda ya lalace, in abin bai kai gwangwani ba, idan ya dawo sai mu rage surutu tare.

Karo na farko ke nan da aka bar ni da fim guda cur, daga farkonsa har ƙarshe. Na ja teburin kusa da taga. Na yi ta juyawa a hankali ina kallo, ba da yatsa ba, da ido. Matar tana kunna fitila. Tsohon yana gyara wani agogo. Dogon mutumin ya iso bakin wani kogi ya tsaya, hasken ruwa yana kan haɓarsa. Duk abin da Baba ya faɗa game da haskensu gaskiya ne. Na manta da abincin rana.

Sai na zo kan ɓarnar. Tagogi bayan tagogi sun yi dishi-dishi. Doki da ƙafa shida, a na gaba ba ƙafa ko ɗaya. Mutane sun narke sun shiga juna, hannu ba yatsu, fuska ba ido, komai ya ja gefe guda. Na san irin wannan ɓarnar, na sha ganinta a makaranta in ruwa ya zuba a kan littafi tawada ta gudu. Na ji tausayin fim ɗin. Na yanke daga inda ya fara narkewa zuwa inda fuska ta dawo daidai, na liƙe. Kowane gwangwani yana da irin wurin, wani biyu, wani uku, wasu dogaye ƙwarai. Kowane guntu na naɗe shi na rubuta masa lamba da alli, halin 'yar makaranta, na jera a cikin wani marfi.

A gwangwani na uku wata tambaya ta zo mini: me ya sa ruwan bai zaɓi ko'ina ba sai inda dawaki suke? Ta zo, na kore ta. Na ga abin da na cire yana tasawa zai kai gwangwani guda, ke nan ba sai an taɓa matar da fitilarta ba, ba sai an taɓa tsohon ba. Karon nan za su fita gaban mutane cikakku, ba za su ƙare a adaka ba. Na yi ta gaya wa mutane daga baya cewa rashin sani ne, kuma rashin sanin ne. Amma har yau ba zan iya rantsuwa cewa ban so ya zama hakan ba.

Baba ya dawo da la'asar sakaliya, a gajiye, rigarsa jiƙe. Ya tambaya ko ya kai gwangwani, na ce ya kai. Ya tambayi me na cire, na ce lalataccen kawai. Ya sa babban yatsa ya bi mahaɗar da na yi guda uku, ya ce ko shi a zamanin idonsa iyakar abin da zai yi ke nan. Bai saba yabo ba. Na kwana da maganar.

Ranar Talata ya fita bayan la'asar kamar kullum. Gidanmu ba shi da nisa sosai da silimar, in iska ta juyo mukan ji amon lasifika da shewar mutane, na kuma san irin shewar daɗi. Bayan magariba na ji wata iri dabam, mai tsawo, da bugun katako a cikinta. Ba a kira isha'i ba na ji ƙarar sarƙar keke a zaure. Ya shigo ba gwangwani ko ɗaya. Gwaggo ta tambaye shi lafiya, ya ce a ba shi ruwan alwala, magana sai da safe.

Da safe ya faɗa mana, a hankali, yana juya kofi a hannu. An fara lafiya. Da aka daɗe ana magana a allo aka fara fito, amma an yi haƙuri, don an ga dogon mutumin ya ɗaura sirdi, an san abu na zuwa. Yana sa ƙafa a likkafa, sai ga shi zaune a ɗaki an naɗe masa kai da bandeji, matar tana ba shi ruwa. Wani daga kujerun gaba ya tambaya da ƙarfi wa ya fasa masa kai. Aka yi dariya. Karo na biyu ba a yi dariya ba. Karo na uku aka fara kiran afireta, wato Baba, ya fito da dawakin da ya ɓoye, tuƙar rake ta fara dukan tagar ɗakin inji. Shi Baba yana jin kiɗa yana tasowa ya yanke, yana tasowa ya yanke, ya gane, amma zare ya riga ya hau. A gwangwani na biyar Oga ya hawo da kansa ya ce a tsayar, a sa na 'yan Caina.

Da hayaniya ta lafa Oga ya jawo zaren ya miƙa masa, ya ce ya ɗaga a fitila ya nuna masa abin da ya yi. Baba ya karɓa ya ɗaga. An canja wa fitilar ɗakin wuri a satin, bai sani ba. Bango ya ɗaga wa. Ya ce sai ya ji iskar tafin hannun Oga tana wucewa a gaban fuskarsa.

Bai ambace ni a can ba. A nan ma bai ɗaga murya ba. Ya bayyana mini ne kamar darasi: abin da ke gudu, na'urar ɗauka ba ta kama shi a tsaye, a shafe take kama shi, sai inji ya ja tagogin da sauri ido ya haɗa su ya ga doki lafiyayye.

"Abin da kika ga ya narke, Uwata, shi ne gudun. Ni ne ban gaya miki ba. Mutum bai san abin da ya sani ba sai ya ba wani aikinsa."

Da hantsi Oga ya zo da mota da gwangwanayen. Mutumin Kabong ne, kakkaura, da rigar ruwa har gwiwa. Fim ɗin zai wuce wani gari da yamma, yana so a mayar da abin da aka cire. Baba ya fara cewa zai yi, sai ya tsaya, don babu sauran abin ɓoyewa. Aka fito da teburin naɗi zuwa zaure. Na yafa mayafi na fito da marfin guntayen, na gaishe shi, na zauna na fara. Oga yana tsaye yana kallon lambobin alli. Hausarsa irin ta gari ce, ba ruwanta da mace ko namiji.

"Malam, ashe ga afireta na gaskiya a nan. Hannun shi ya fi naka tsabta." Ya sunkuyo. "Amma yarinya, me doki ya yi maka?"

Na ɗauki guntu na gaba, na shafa masa gam. Ya ja benci ya zauna kusa da Baba, muryarsa ta sauka.

"Da ka gaya mini, Malam. Wuta ne a ɗakin nan, mutane cike a ƙasa."

"Da na gaya maka, Oga, da tun bara nake zaune a gida."

Oga bai musa ba. A nan na yi abin da ban taɓa yi ba, na sa baki a maganar manya. Na ce laifina ne ba nasa ba, a bar shi zuwa bayan damina, likita ya ce ta kusa. Ya dube ni da tausayi, abin da ya fi faɗa ciwo. Ya ce ba maganar doki ba ce, doki ga shi ana mayarwa. Abin da ya gani jiya ne ba zai iya cewa bai gani ba. In ido ya warke a zo a gani. Ya sha shayin da Gwaggo ta aiko, ya yaba, ya kwashi gwangwanayen da kansa, ya ƙi yarda Baba ya taya shi.

Bayan nan la'asar ta zama lokaci mafi tsawo a gidanmu. Baba yakan yi salla, ya sa rigar fita da hula kamar da, sannan ya zauna a bakin ƙofar ɗakinsa hannuwa a kan gwiwa. Ba ya cewa komai, ni ma ba na cewa. Da ya zage ni sau ɗaya da na samu inda zan ajiye abin. Gwaggo ce kaɗai ke surutu, ta yi faɗa da kaji, ta yi faɗa da itacen da ya ƙi kamawa, ta dafa masa gwaten acca kullum don ta san yana so. In iska ta kawo amon lasifika sai ta tashi ta rufe taga, wai sanyi.

Takardata ta zo a farkon Satumba. An tura ni wata makarantar ƙauye can bayan Pankshin. Na ce ba zan tafi ba, Baba ya ce zan tafi, magana ta ƙare.

Saura kwana biyu in tashi aka yi ruwan ƙanƙara da rana, irin wanda ke sa kwano ya yi ta ƙara har ba a jin magana. Da ya tsaya, gidan ya yi tsit. Ina ninke kaya, sai na ji ya ce, ba tare da ya juyo ba:

"Matar nan, da tsohon ya ce mata ta sayar da gidan, yaya fuskarta take?"

Na ce ban san ya ce ta sayar da gida ba. Ya ce ai ya faɗa, a gwangwani na biyu, a teburin da ake jin agogo. Ashe duk ihun nan da ake yi, shi kunnensa yana kan lasifika. Na ajiye zanen da ke hannuna na zo na zauna. Na ce ba ta dube shi ba, fitila take kallo, kuma hannunta ɗaya yana ƙarƙashin tebur a dunƙule. Ya gyaɗa kai, ya ce haka suke yi, ba sa barin fuska ta faɗi duka.

Haka muka bi shi. Shi ya ji bai gani ba, ni na gani ban ji ba. Ya gaya mini tsohon ba ubanta ba ne, uban mijinta ne da ya mutu, ni kuwa na riga na mai da shi uba a raina. Na gaya masa dogon mutumin yana ɗingishi, abin da kunne ba zai ba shi ba. Muka yi gardama a kan kogin, har Gwaggo ta ce mu rage murya kamar waɗanda suka san mutanen. Da muka kai tsakiyar na biyar ya ce iyakarsa ke nan, a nan aka tsayar. Ya tambayi yadda ya ƙare. Na ce matar ce ita kaɗai, fuskarta ta cika taga, tana magana mai tsawo, na warware fiye da kamu goma bakinta bai rufe ba. Ya tambaya kuka take ko murmushi. Na ce na duba sosai, ban iya rabewa ba. Ya ce to, Allah ya sa wani gari sun bari an ji.

An yi masa aikin ina can, bayan an gama girbi. Idon hagu ya buɗe, na dama bai yi ba. Wasiƙarsa ta same ni ranar wata Alhamis, da hannunsa ya rubuta, manyan baƙaƙe suna gangarowa gefe. Na jira yara suka tashi, na zauna a kan bencinsu na buɗe. Ya ce yana ganin duwatsun bayan gida, har awakin da ke kansu. Ya ce ya je ya gaida Oga, an karɓe shi da mutunci, an ba shi kujera da lemo, wanda aka ɗauka a madadinsa ya iya aiki, ba abin da za a ce. Ya ce ba a kawo na Babban Gida yanzu, ko Litinin ko Talata. Ya ce Gwaggo tana gaishe ni, kuma an ce garin da nake ya fi Jos sanyi, kada in yi wasa da bargo.

Na juya takardar ko akwai wani abu a baya. Babu. Na zauna har mai gadi ya zo ya ce zai kulle ajin.